Shekarar da Aka Yabi Shiruna

A shekarar da nake katriyam, aji na uku ke nan a kolej, aka fi yabona a duk rayuwata. A shekarar ce kuma saura kaɗan a kore ni daga lakwal, wato makarantar boko.

Tun asali ni ba mai magana ba ce. A Kornaka na tashi, a hannun kakata, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari da yawa a wajenmu. Sai da na gama ƙaramar lakwal aka dawo da ni Dakoro, gidan iyayena, don in shiga kolej. Na zo na tarar da gida cike da ƙanne masu surutu, da uwa wadda ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, saboda kunyar ɗan fari. Idan tana so in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan dai ta bushe." Idan ta ajiye mini tuwo, sai ta ce ma iska, "Akwai na wani ƙarƙashin faifai." Ban taɓa jin haushin haka ba. Abin da na ga ana yi ke nan, kuma ya zo daidai da halina. Ni da kallo nake hira. Na san mushenmu, malamin lissafi, yana goge allin hannunsa a bayan wandonsa, har wurin ya yi fari. Na san tunkiyar maƙwabta sai ta yi tari kafin ta yi kuka. Na san Inna tana ɗanɗana miya sau biyu, na farko don gishiri, na biyu don kanta.

A shekarata ta farko a Dakoro aka kawo Gwaggo, yayar Baba, daga Sabon Maci. Jaririnta ne ya rasu, watanni suka wuce, ita kuma ta kasa tashi. Ta yi wata huɗu a ɗakin da ke kusa da madafi, fuskarta a bango. Tana kuka da safe, tana kuka da rana. In an kai mata fura sai ta juya. Mata suna shigowa dubiya suna cewa ciwon damuwa ne, Allah ya yaye. Aka yi addu'a, aka kai ta gidan likita, a hankali ta miƙe, ta koma gidanta da dariyarta mai ƙarfi da muka santa da ita. Daga nan na ajiye a raina cewa na san wannan ciwo. Ciwo ne na kuka, na wanda aka yi wa rashi, na kwanciya fuska a bango. Duk gidanmu haka muka ɗauka.

Nawa ya fara bayan kaka, ba tare da an yi mini komai ba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya zage ni. Abin da na fara lura da shi shi ne abinci. Tuwo da miyar kuka, wake da shinkafa, ƙosan ƙofar lakwal, duk suka zama abu ɗaya a bakina, kamar ina tauna tsumma. Sai karatu. In buɗe kaye, littafin darasina, in karanta layi ɗaya sau biyar, in rufe, in kasa faɗin abin da ke ciki. Hannuna ya yi nauyi. Mushe ya cika tablo, baƙin allon aji, da rubutu ya goge, ni ina kan layi na uku. Daga gida zuwa lakwal ba nisa, amma sai in ji kamar cikin rairayi mai zurfi nake tafiya. In dawo in kwanta, in tashi da gajiyar da na kwanta da ita.

Ban yi kuka ko sau ɗaya ba. Na ma gwada. Wata rana na zauna bayan rumbu na tuno ranar da na bar kakata, yadda ta tsaya bakin hanya riƙe da bakin zanenta. Da can wannan tunanin kaɗai ya isa ya sa ni hawaye. Ranar ban ji komai ba. Kamar labarin wata nake tunawa. Sai na ce ma kaina, to ba ciwon Gwaggo ba ne. Tunda ba shi ba ne, kuma jikina ba zafi, saura lalaci. Na yarda ni malalaciya ce, kuma na yi shiru da abina don kada a gane.

A nan ne yabo ya fara. Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta gan ni zaune jikin bango hannu kan gwiwa, ta ce ma Inna, "Kai, ɗiyar nan taki ta yi hankali! Ga namu can sai yawo da waya." Madam ɗinmu ta faransanci ta ɗauko 'yan mata biyu da suka fi kowa surutu a aji ta zaunar da su gefena, ɗaya dama ɗaya hagu, ta ce su koyi natsuwa. Suka yi sati biyu suna hira ta saman kaina. Ranar sunan ɗan wani abokin Baba, na zauna wuri ɗaya tun safe har la'asar ban motsa ba, tsofaffi suna nuna ni suna cewa ga kunya irin ta da. Duk wanda ya yabe ni sai in ji na ƙara nisa da shi. Ina so in ce, ba hankali ba ne, na rasa hanyar fitowa ne. Amma yaya yarinya za ta ƙi yabo?

Da ramata ta fito fili, Baba ya ce zazzaɓi ne ke cina a ɓoye. Aka kai ni gidan likita, aka ɗebi jini a yatsa, aka ce ba palu ba ne, wato zazzaɓin cizon sauro. Aka ba ni maganin ƙarin jini. Malamin unguwarmu ya yi mini rubutu na sha kwana bakwai. Ba wanda ya yi sakaci da ni. Kowa ya nemi ciwon a inda ya san ciwo yana zama, ni kuma in an tambaye ni ina ke miki ciwo, sai in ce babu, kuma gaskiya na faɗa.

Sai takardar sakamako ta rabin shekara ta fito. Ni da na saba da maki sha uku bisa ashirin, na faɗo bakwai. A kolej ɗinmu, wanda ya ƙare shekara a ƙasa haka ba maimaita aji ake ba shi ba, korarsa ake. Baba dillalin dabbobi ne, bai yi lakwal ba, amma ya san lamba. Ya riƙe takardar ya daɗe, sannan ya ce, "Ba ki yawo, ba ki rashin lafiya, ba a sa ki talla. To mi ya rage? In sunka kore ki ba ni zuwa roƙon kowa. Motar Kornaka za ni sa ki, ki koma wajen kakarki." Bai ɗaga murya ba. Inna tana tankaɗe can gefe.

Ina son lakwal. Ko a lokacin da ba na jin son komai, na san da kaina cewa ina sonta, kamar yadda mutum ya san sunan garinsu. Na san in aka sa ni motar nan ba zan sake zama kan benci ba. Amma sanin bai ba hannuna sauri ba. Watanni suka ci gaba, zafi ya shigo, sakamakon ƙananan jarrabawa yana dawowa da jan bik, alƙalamin gyaran malamai.

Ana saura kaɗan damina ta faɗi, sai ga Gwaggo ta sauka daga Sabon Maci da rabin buhun wake a ka. Ta ce irin shuka ne ta kawo ma Baba, amma sai an zauna an tsince wanda ƙwaro ya huda. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi, aka zube waken. Ƙannena sun tafi makarantar allo. Ina ɗaki sai na ji muryarta.

"Ke 'yar lakwal! Taho nan. Ko riƙon bik ya hana hannunki aikin ƙauye?"

Na fito na zauna a bakin tabarma, na jawo faifai. Gwaggo ta dubi Inna.

"Matarmu, miyar nan taki ta ɗazu, gishirin Dakoro ne ya ƙare ko rowa ce?"

"Yaya, wadda ta lashe kwano biyu ba ta da bakin magana."

"Yunwar hanya ce. Mai yunwa ko dussa kinka dama mashi sai ya gode."

Suka yi dariya. Muka yi ta tsinta, mai kyau a ƙwarya, mai huda a gefe don awaki. Can sai Inna ta ce, idonta a kan faifai, "Yaya, in tambaye ki. Lokacin da kinka kwanta gidan nan, yaya abin yake a jikinki?"

Hannun Gwaggo ya tsaya. Tun da ta warke ba wanda ya taɓa tayar da zancen a gabanta. Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta ja numfashi ta ce, "Kamar an kifa mani turmi a ƙirji an zauna bisa. Hawaye kuwa ba ni nike kiransu ba, zuwa suke. In ga zanen goyo a igiya, shi ke nan. Har kunyar mutane nike ji, amma ba su tsayawa."

"Ni nawa ba haka ya zo ba," in ji Inna.

"Naki? Ke yaushe kinka yi?"

"Shekarar da na yaye na ukuna. Kin tuna tukunyar da na rotsa da bango?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Wannan shekarar! Mu da munka ce masifa kinka koyo wajen matan birni. Har na ce ma ƙanena ya yi haƙuri, haka kyawawa suke."

"Ban zubar da hawaye ko ɗigo ba," in ji Inna. Ba ta yi dariya ba. "Wuta ce. Kaza ta yi kuka in ji kamar in murɗe wuyanta. Yaro ya taɓa ni in ji kamar an ɗora mani garwashi. Ba ni iya zama. In daka hatsin kwana uku a rana ɗaya, in share gidan nan, in sake sharewa. Ana cewa ga mace mai aiki, amma bakinta ba kyau. Ni kuwa a cikina abu ɗaya nike ji, ba ni da amfani, da babu ni da sun huta."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo haka ba. Ina Kornaka a shekarar, ban san komai ba. Na ci gaba da tsinta don kada su ga ina saurare, amma wake ɗaya nake ta juyawa.

"To wa ya gane?" in ji Gwaggo, muryarta ta sauka.

"Wata tsohuwar majo, malamar gidan likita, wajen awon yara. Na miƙa mata yaro, ta ga tafin hannuna duk ya fashe da taɓarya. Ta ce in tsaya bayan kowa ya tafi. Ita ta ce mani ciwo ne, kuma shi ne dai wanda ke sa wasu kuka." Inna ta zuba abin da ta tsince a ƙwarya. "Shi ya sa nike cewa, Yaya, abin nan ba kama ɗaya gare shi ba. Naki kuka, nawa faɗa. Ina jin akwai wanda nashi shiru ne. Akwai wata a gidan nan, da can in na sake ɗankwali sai na ga idonta ya bi shi har ƙofa. Wata biyar ke nan ina sakewa. Har na biki na ɗaura ranar Talata, ina wanke-wanke. Ba wanda ya duba."

Ba ta dube ni ba. Wake take kallo. Na ji kunnuwana sun yi zafi.

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya. "Ke, da ke ake fa. Uwarki ta tashi daga nan, ta bi ta Korahane, ta zagayo ta Sabon Maci, duk don ta iso inda kike zaune. Ki taimake ta, ƙafarta ta gaji."

Na ajiye waken da nake juyawa. Suka jira. Sai na ce, "Gwaggo, ni ba baƙin ciki nake ba."

"To mi kike?"

"Ba na jin komai ne. Ko daɗi, ko zafi. Kamar ina cikin randa ana magana a waje." Da na fara sai sauran ya biyo. Na faɗi na abinci, na faɗi na layi ɗaya sau biyar, na faɗi yadda na gwada kuka bayan rumbu ya ƙi zuwa. Na ce na ɗauka lalaci ne.

"Lalaci," in ji Gwaggo. "Malalaci daɗi yake ji, ɗiyata. Na auri ɗaya, na sani. Ke kin ga alamar daɗi a tare da ke?"

Dariya ta kusa zo mini. Abin da na ji a lokacin ba farin ciki ba ne. Kamar dai wanda ya daɗe da tulu a ka aka ce masa sauke. Wuyana har yanzu yana ciwo, amma na san abin da na ɗauko, kuma wasu sun ɗauka kafin ni. Daga baya na ji cewa Inna ce ta aika a kira Gwaggo. Waken dalili ne kawai, don Baba yana da irin shukarsa a rumbu tun kaka.

Washegari su biyun suka raka ni gidan likita. Inna ta tsaya waje, Gwaggo ta shiga da ni. Wannan karon ba yatsa na miƙa ba, magana na yi. Majon da muka samu ya tura mu wajen wata ma'aikaciya da ke duba irin wannan. Ta yi mini tambayoyi da ba wanda ya taɓa yi mini. Yaya barcina. Me na daina so. Ko na taɓa jin gara babu ni. Na ce ban taɓa tunanin yi ma kaina wani abu ba, amma sau da yawa nakan so a manta da ni a wani lungu. Ta rubuta. Ta ce ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Ta ce wasu da ciwon kai kaɗai suke zuwa mata, wasu da ciwon baya, wasu barci ya ƙi su, wasu barci ya hana su tashi, akwai ma masu zuwa suna ba kowa dariya. Ta sa mini ranakun da zan riƙa dawowa mu yi magana, ta ba ni magani, ta ce kada in sa ran jin canji kafin wasu makonni. Sannan ta rubuta takarda zuwa lakwal.

Gwaggo ce ta yi wa Baba bayani, a matsayinta na yaya, da yatsa a gaban hancinsa. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ranar da ba Juma'a ba, ya ce in wuce gaba mu tafi lakwal. Mutumin da ya ce ba zai je roƙon kowa ba.

A ofis, diraktan ya karanta takardar, ya cire tabarau, ya dube ni. Ya ce shi bai taɓa samun ƙara a kaina ba, malamai duk suna cewa ba wadda ta kai ni natsuwa. Baba ya fara magana, diraktan ya ɗaga hannu. "Alhaji, bari ita ta faɗa. Mi ya same ki?"

Ban taɓa yin magana a ofis ɗin nan ba. Akwai fanka a sama tana juyawa tana ƙara, akwai tarin takardu ɗaure da igiya a ƙasa. Na dubi igiyar na ce, "Mushe, ba natsuwa ba ce. Ba ni da lafiya tun bayan kaka. Yanzu ina shan magani. Ina so in zauna lakwal." Maganar ta fita har ƙarshe. Ya ce ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, taron malamai ne a ƙarshen shekara, amma zai ajiye takardar a gabansu. Ya ce in yi iyakar abin da zan iya a jarrabawar da ta rage.

Ban warke kafin jarrabawar ba. Abin da ya canza kaɗan ne. Layin da nake karantawa sau biyar ya koma sau uku. Wata rana na ji haushin ƙanwata don ta zubar mini da tawada, na yi mata tsawa, sai na tsaya ina mamaki, don na daɗe ban ji haushi ba. Wasu ranakun kuma sai abin ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Ma'aikaciyar ta ce haka yake tafiya. Na rubuta abin da na iya, na bar abin da ban iya ba.

Ranar da aka liƙa sakamako a bangon ofis, ruwa ya sauka da asuba, filin lakwal duk taɓo. Jeri uku ne: waɗanda suka wuce, waɗanda za su maimaita, waɗanda aka kora. Daga na ƙarshen na fara. Na bi shi da yatsa har ƙasa, na sake bi. Ba ni ciki. Sunana yana jeri na biyu, na huɗu daga sama. Wata yarinya kusa da ni ta ga nata a wannan jerin ta fashe da kuka, ƙawayenta suna ba ta haƙuri. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, har wani mushe ya matso ya ce, "Kin dai karanta da kyau? Maimaitawa ce fa." Na ce na karanta.

Na tarar da Baba a zaure yana gyara igiyar ɗaure raguna. Bai je kasuwa ba.

"To?"

"Zan maimaita."

"Ba kora ba?"

"Ba kora ba."

Ya ja ƙullin da haƙori, ya duba ko ya kama. Ya ce shekara ɗaya ba komai ba ce, shi ya taɓa riƙe bijimi shekara biyu kafin ya samu mai saye. Na juya zan shiga gida, sai ya ce, "Dama ban yi ma direban Kornaka magana ba."

Na ce, "To, Baba." Na cire takalmana masu taɓo a bakin zaure, na shiga.